Undurutun Mutane

Shekara arba'in ina saƙa undurutu
a bakin Binuwai, ƙarƙashin gadar Garwa.
Ilimina bai wuce jimla ɗaya ba:
ƙofar shiga da faɗi, ta fita babu.

Sai ga Astajam 'yar Hamajoda,
wadda ta karanto zanen gini a Yawunde,
da naɗaɗɗiyar takarda a hammata.
Ta tsuguna, ta gaishe ni har da jikin gwiwata,
ta ce, “Baba Ɗanjika, ƙullinka nake nema.”
Na ce ƙulli ba ya zama a takarda.
Ta ce, “Ai shi ya kawo ni.”

Gora ɗari uku mota ta sauke daga Gaundare,
kore shar, wasu sun kai kaurin cinyata.
Muka jiƙa su a kogi mako uku don gara ta haƙura,
dorina na leƙe,
masunta na shewa:
“Wane irin kifi tsoho zai kama bana?”

A filin da ake zubar da ƙwallon mangwaro muka kafa.
Ba ɗaki ba ne, ba rumbu ba,
rumfa ma ta fi shi kunya.
Wa zai kwana ciki? Ba kowa.
Me za a ajiye? Ba komai.
To, don me nake fasa tafin hannuna?
Ta yi dariya tana huda gora da ƙarfe mai zafi,
rami nan, rami can, kamar mai gyaran sarewa.

Kan ƙofofi muka yi faɗa.
Bakwai take so, duk a buɗe.
Hannuna kuwa ya saba,
da na kai wuya sai in tsuke.
Sau biyu tana kwance mini aiki.
Na yi fushi kwana ɗaya, na dawo da asuba,
don igiyata na can.

Ranar da muka janye tsani, la'asar ce.
Iskar kogi ta taso ta shiga ramukan,
abin ya yi gyaran murya,
ya yi nishi irin na saniya mai neman ɗanta.
Wata mai fanke ta dire tirenta.
Yaro ya ja igiyar da ke reto,
haƙarƙarin sama ya buɗe,
rana ta zubo yanka-yanka a kan rigarsa.
Ya saki, ya rufe.
Ya sake ja.
Kowace taka a daɓen gora da nata sauti,
nan ƙwal, can gum,
har wani ɗan sanda ya shiga korar yara
ya fito yana gwada dugadugansa.

Amma Sali nake tunawa,
kurman da ke wanke babura a tasha.
Ya manna kuncinsa a ginshiƙi,
ya rufe ido, gora na rawa a ƙashinsa.
Har aka kira magariba bai ɗaga ba.

Yanzu kullum ina zaune a gindinsa ina ƙirga.
Su shiga ta gabas, su fita ta kudu,
ba wanda ya maƙale.
Gobe kuma ga su, da ƙannensu.
Ni da na tsufa ina toshe mafita
ban taɓa kamu irin wannan ba.

Na ce mata, damina uku, zai ruɓe.
Ta ce ta sani.
Sai ta nuna mini da haɓa:
jikana Yerima, wanda ya rantse ba zai gaji warin kifi ba,
yana tsugune a ƙofa ta huɗu,
ya kwance mini ƙulli ɗaya a ɓoye,
yana ta fama ya mayar.

Na bar shi.
Ta hagu ake fara zagayawa,
amma zai gane.